Ranar da Ban Waiwaya Yamma Ba

Ruwan shuka ya sauka bana a Maraɗi ranar wata Laraba da la'asar. Tun da hantsi gari ya ɗaure, iska ta tsaya cik, gumi yana bin bayan mutum ko yana zaune a inuwa. Na fito ƙofar gidana a unguwar Zariya na dubi gabas, na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Daga nan na juya na dubi yamma, inda babu komai sai rana. Matata Hadiza tana kwashe shanya, ashe tana kallona.

"Malam, shekara nawa kana wanga juyi? Mi ka aje a yamma?"

Na ce mata wuyana nake miƙewa. Ta yi dariya ta ci gaba da naɗe zannuwa.

"Gobe Tibiri ke nan," in ji ta. "Gonarmu ta Jiratawa ta jira jibi, in laima ta ga dama ta jira mu."

Gaskiyarta. Fiye da shekara talatin ke nan, duk ranar da ruwan shuka ya sauka, washegari gonar Iliya ta Tibiri nake fara shukawa kafin tawa. Hadiza ta san Iliya ba shi da yatsu uku a ƙafar dama, ta san a Aljeriya ya baro su. Abin da ba ta sani ba shi ne ni na ja masa.

Mahaifina a Jiratawa shi ake tambaya labarin ruwa. Ba malami ba ne, manomi ne mai ido. Tun ina ƙarami yake tsayar da ni bakin gona yana nuna mini alamu. Ruwa ba ya zuwa sai an sha zafi, tururuwa za ta kwashe ƙwayayenta, iska za ta ɗauke, sannan hanci ya ji ƙamshin ƙasa kafin ido ya ga ɗigo. Babbar alama kuwa gabas ce. Ya ce mini in na ga hadari a yamma kada in ɓata lokacina, ya riga ya wuce mu, rabon mutanen Gidan Rumji ne. Na haddace wannan karatu, har na fara gaya wa samari ranar da za a yi ruwa, kuma sau da yawa ina dacewa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Iliya shi ya laƙaba mini Malamin Hadari don tsiya, ni kuwa na karɓi sunan da hannu biyu.

Iliya ɗan gwaggona ne, taubashina, Bagobirin Tibiri. Gidansu Kiristoci ne. Ya girme ni da shekara biyu, ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci, kuma bakinsa ba ya hutawa da tsokana. A shekarar da muka bar gida damina ta yi mana gardama. Gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Da rani ya yi nisa na ga tumakin mahaifina suna cin tsumma da takarda, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, muna jan su bayan gari. Wannan abu ya zauna mini a rai, har yau ba na iya jin kukan dabba mai yunwa in ci abinci ya shiga. Da muka ga zama ba zai yi ba, ni da Iliya muka hau kamiyo, babbar motar kaya, muka yi arewa. Gwaggo ta riƙe hannuna a tasha ta ce, "Lawali, kai ka hi shi natsuwa, ka kula mini da shi."

Mun yi lebura a Tamanrasat, aiki ya ƙare, muka ƙara gaba. Muna ta ƙara gaba har muka wuce rairayi gaba ɗaya, muka faɗa ƙasar tuddai da itatuwan zaitun. Can wani dattijo mai suna Amar ya ɗauke mu kiwon tumaki. Gidansa na dutse ne, shi kaɗai a gefen tudu, ƙauye yana can ƙasa, in ka leƙa sai ka ga rufin gidaje kamar an baza ƙwarya. Shi da matarsa ne kawai, 'ya'yansu duk sun tafi birni. Matar muka sa mata Inna. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Larabcin da na ɗan tsinta a hanya, yarensu na tudu kaɗai take yi. Tsakaninmu da ita sai hannu da ido.

Ƙasar nan tun farko ta rikita ni. Mun isa lokacin da a gida an gama girbi, sai na tarar su yanzu suke huɗa. Sanyi ya shigo, sai ga ciyawa tana tsirowa. Na ce wa Iliya waɗannan mutane daminarsu a kife take. Ya ce, "To Malamin Hadari, sai ka kihe kanka ka karanta ta." An yi yayyafi sau uku ko huɗu, kullum muna farkawa mu tarar ƙasa ta jiƙe, ban taɓa ganin ta inda ya zo ba, ban kuma tambaya ba.

Kwanakinmu iri ɗaya ne. Da asuba in fasa ƙanƙarar da ta kama saman bokiti in yi alwala ina karkarwa, Iliya yana cikin bargo yana yi mini addu'ar Allah ya ba da lada. Inna ta kawo gurasa mai zafi da man zaitun da busasshen ɓaure da baƙin kofi. Na yi wata biyu ina mafarkin fura. Rana ta ɗaga mu buɗe garke mu hau tudu da tumaki, la'asar mu gangaro, mu faskara itace, mu ɗebo ruwa a maɓuɓɓuga. Amar ya ba mu tsofaffin manto, rigunan sanyi na 'ya'yansa, amma takalmi babu wanda ya shige mu. Na robar da muka zo da su muke sawa, da safa bibbiyu.

Wata safiya Amar ya shirya zai gangara birni neman ciyawar dabbobi, don wadda ke rumfa ta kusa ƙarewa. Ya daɗe yana magana da Iliya a bakin ƙofa.

"Ya ce kada mu hidda bisashe sai ya komo," in ji Iliya. "Meteyo, masu duban yanayi a rediyo, ta ce akwai abin da ke tahe. Dusar ƙanƙara da iska."

Na ji sunan abin, na taɓa hango farinsa a kan manyan duwatsu can nesa, amma a raina na ɗauke shi ɗan'uwan ƙanƙarar da ke faɗowa a Jiratawa, wadda yara ke tsinta suna tsotsa. Ranar farko muka bi umarni. Babu abin da ya zo. Ranar ta biyu ciyawar rumfa ta ƙare da safe, tumaki suka fara kuka. Ga ciyawa kore shar a kan tudu ina kallonta, ga dabbobi a kulle suna tura ƙofa da kai. A wurina wannan hauka ne. Na fita tsakar gida na yi karatun mahaifina daga farko har ƙarshe. Babu zafi, hasali ma sanyi ke yanka kunne. Babu ƙamshin ƙasa. Gabas kuwa tas take, rana ta fito fes.

"Buɗe garke, Bagobiri."

"Dattijo hwa ya hana."

"Dattijo rediyo ya saurara, ni sama na duba. Yau ko ɗigo ba za a yi ba. In an yi, ka canza mini suna."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce to. Na shige gaba da sanda, tumaki suka biyo ni, shi ya tsaya baya yana rufe ƙyaure. Inna ta fito daga madafa da gari a hannunta tana magana da sauri, tana nuna bayanmu, can wajen yamma ta saman rufin gida. Na gane gargaɗi take yi. Na yi mata murmushi, na nuna mata gabas, na ɗaga babban yatsa. Ko waiwayawa ban yi ba, don a sanina babu abin da ke zuwa ta can.

Mun hau sosai a ranar, har bayan wani tsohon kangon dutse da makiyaya ke fakewa. Tumaki suka baje suna ci, raina ya yi fari. Ina zaune fuskata tana gabas sai iska ta buge ni a ƙeya. Na yi mamaki, don iskar hadari ta gaba take zuwa. Rana ta dushe. Babu tsawa, babu walƙiya, babu wannan rugugin da ke sa mata gudun kwashe shanya. Sai wani farin abu ya fara saukowa a hankali, na ɗauka toka ce wani ke ƙona daji. Ɗaya ya sauka a bayan hannuna, kafin in duba da kyau ya zama ruwa.

Iliya ya ce mu kora tumaki mu gangara. Na ce a'a, mu fake a kango, kafin tuwo ya nuna zai wuce. Haka muka sani a gida. Hadari komai ƙarfinsa, in ka sami gindin itace ko zaure ka tsaya, kafin a gama tuƙa tuwo ya yi gaba. Mahaukaci ne ke tafiya cikin ruwa. Muka tara tumaki jikin bango muka tsuguna a lungu, ina jira ya wuce.

Bai wuce ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ya gudu. Ruwa in ya sauka yana neman hanya, ya bi kwari, ya shige ƙasa. Wannan inda ya faɗi nan yake zama, wani ya zo ya hau kansa. Iska ta ƙaru har ta daina saukar da shi daga sama, ta koma watso shi a kwance, yana shiga ido da hanci da wuyan riga. Ciyawa ta ɓace, duwatsu suka ɓace, ɗan turbar da muka biyo ta ɓace. Na tashi in yi azahar, ko la'asar ce ma ban sani ba, sai na tsaya ina juyi. Gaba fari, baya fari, sama da ƙasa duk ɗaya. Ni da nake taƙama da gabas, na rasa inda take. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na yi sallar a inda fuskata ta tsaya, ban san abin da na karanta ba.

"Malamin Hadari," in ji Iliya, haƙoransa suna haɗuwa, "tuwon nan bai nuna ba har yanzu?"

Da abin ya kai mana ƙwauri na yarda cewa in muka ƙara jira nan za a tone mu. Muka tashi, amma ina muka nufa? Na ce nan, Iliya ya ce can, kowa yana nuna farin da ya yi masa. Wata tsohuwar tunkiya mai tsagaggen kunne ce ta raba gardama. Ta sunkuyar da kai ta kama hanya, sauran suka bi ta, mu ma muka bi su. Mutum biyu da gemu, tunkiya ke ja mana gaba.

A gangaren ne Iliya ya taka inda ya ɗauka ƙasa ce, ashe ƙorama ce abin ya lulluɓe. Ƙafarsa ta dama ta nutse cikin ruwa har gwiwa. Ya fizgo ta, ta fito babu takalmi. Muka tona da hannu har yatsunmu suka daina lanƙwasa, ba mu gan shi ba, tumaki kuma suna neman ɓace mana. Na kwance ɗan rawanin da na naɗe kunnuwana na ɗaure masa a kan jiƙaƙƙiyar safa, ya dafa kafaɗata muka ci gaba. Da farko yana ta cewa kamar ana soka masa ƙaya. Can sai ya ce, "Ta bar ciwo." Na ce alhamdu lillahi. Har ga Allah na ɗauka sauƙi ne ya samu.

Ban san tsawon tafiyar ba. Mun faɗi ya fi a ƙirga. Haske ya fara raguwa lokacin da na ji wani ƙara yana zuwa yana ɗaukewa cikin iska, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Inna ce ta tsaya a ƙofar gida, abin ya rufe mata kai da kafaɗu, tana dukan tukunyar ƙarfe da ludayi. Allah kaɗai ya san tun yaushe take tsaye a wurin.

Ta tura tumaki garke, ta nufi madafa. Ni kuwa na ja Iliya ɗakinmu, na hura wuta a kasko, na kwance rawanin. Ƙafar ta yi fari-fari, ta yi tauri kamar ɗanyen rogo. Na yi abin da kowace uwa take yi wa ɗanta a Jiratawa in sanyi ya kama shi, na kama ƙafar na kara ta a garwashi. Na tambaye shi yana jin ɗumi, ya ce a'a, na ƙara matsar da ita. Hancina ne ya gaya mini ƙafar na ƙonewa, shi bai ji komai ba. Daidai nan Inna ta shigo da kwano, ta ga abin da nake yi, ta ture ni har na zauna a ƙasa. Tsohuwar da ba ta kai kafaɗata ba. Ta gwada ruwan kwanon da gwiwar hannunta, ɗumi ne kawai irin na wankan jariri, ta sa ƙafar a ciki. Tana yi tana faɗa da yarenta, hawaye na zuba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san da ni take.

Kwana biyar muka yi a rufe. Da safe in tura ƙofa ta ƙi buɗewa sai na haƙa. Inna ta miƙo mini shebur ta nuna rufin garke, na tsaya ina kallonta, don a sanina rufi ruwa yake zubarwa da kansa. Sai da na ji itacen rufin yana ƙara sannan na gane abin nauyi gare shi, na hau na share. Maɓuɓɓuga ta toshe, ta nuna mini in cika bokiti da dusar in ɗora a wuta. Na cika shi har ya yi tozo, ya narke, abin da ya rage bai fi moɗa biyu ba. Na zauna ina duba gindin bokitin ko huda gare shi. Ranar da itace ya yi ƙaranci na rasa yadda zan yi da alwala. Abin nan ruwa ne in shafa, ko ba ruwa ba ne in yi taimama? In taimamar ce, ina ƙasar? Na buga hannu a bangon dutse na ce Allah ya karɓa. Tumaki muka riƙa sara musu rassan zaitun, mu kuma gurasa ta koma rabi, daga baya ta koma ɓaure da ruwan zafi.

Iliya yana kwance, Inna tana wanke ƙafar safe da yamma tana shafa mai. Ta kumbura ta yi bororo, yatsu uku suka fara duhu, babban da biyun da ke bin sa. Zazzaɓi in ya taso masa sai ya riƙa rera waƙoƙin majami'arsu a hankali. In ya sauka sai tsokana ta dawo. Ya ce tunda na yi alkawari, ya canza mini suna, daga yau ni ne Mai Gashi, don na gasa masa ƙafa. Ya yi dariya. Ni na fita waje na tsaya cikin sanyi, ina tuna hannun gwaggo a tasha.

Ranar ta shida tarakta ta buɗe hanya, Amar yana biye da ita. Ya leƙa garke, ya tarar tumaki biyu babu. Inna ta ja shi gefe ta daɗe tana ba shi labari tana nuna yamma. Ya shigo ya buɗe ƙafar ya duba, sannan ya yi wa Iliya wata tambaya guda da Faransanci. Iliya ya kawar da kai. Na ce me ya ce, ya ce ba komai, gaisuwa ce. A asibitin birni likita ya cire yatsun uku. Ya ce sanyi ya fara, wuta ta ƙarasa.

Da muka komo gida Iliya ya gaya wa kowa sanyin Aljeriya ne ya ci masa ƙafa, bai ƙara ko harafi ba. Gwaggo ta yi mini godiya da na dawo mata da shi da rai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Damina ta zo. Shuka kuwa aikin ƙafa ce, mai sungumi yana gaba yana sara, na baya yana jefa iri yana rufewa da yatsu yana dannawa. Iliya ya gwada, ƙafar ba ta tara ƙasa, in ya tsaya a kanta ya karkace. Washegarin ruwan farko na isa Tibiri da ƙwaryar iri, na ce ya ɗauki sungumi ya shige gaba. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Haka muka yi wannan shekarar, da wadda ta biyo, har 'ya'yansa suka girma suka isa yin aikin, ban fasa ba. Mutane har yanzu sukan tare ni a kasuwa su ce Malam Lawali yaushe ruwa, in ce Allah ne masani. Yara yanzu a wayarsu suke dubawa, kuma ba na yi musu gardama.

Bana ma, ranar Alhamis, na hau kabu-kabu tun da sassafe. Ƙasa ta sha ruwa, ƙamshinta har cikin ƙirji. Na tarar da shi bakin gona da sungumi, gashin kai duk ya yi fari.

"Ka makara, Mai Gashi. Na ɗauka ka mutu ba a hwaɗa mini ba."

Muka kama aiki. Da rana ta take idona ya yi duhu, sai na tsinci kaina zaune a kan kunya. Ya ja ni gindin gawo, matarsa Saratu ta aiko da fura. Muna sha na ɗaga kai na dubi gabas, sannan na juya yamma kamar kullum. Akwai guntun hadarin jiya kwance can ƙasa-ƙasa.

"Baɗi kada ka zo," in ji shi. "Ka tsuhwa. Ɗiyana sun isa."

"Sai na zo."

"Don mi?"

Shekara talatin da wani abu ban taɓa furtawa ba. Ranar sai ya fito da kansa.

"Ni na ci maka ƙahwa, Iliya. Tsohuwar nan ta nuna mini yamma, ko waiwayawa ban yi ba. Da na duba, da mun koma."

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Ni na waiwaya," in ji shi.

Na dube shi.

"Ina ruhe ƙyaure ta nuna, na juya. Baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Ban taɓa ganin irinai ba. Na ce a raina wanga ya riga ya wuce mu, rabon wasu na. Kai kaɗai ka ji karatun kawu? Ni ma a gonatai na girma."

"Tambayar da Amar ya yi maka hwa?"

"Ita ta. Inna ta hwaɗa mishi na gani. Ya ce kai da ka gani, mi ya sa ka tahi?"

Na ajiye ludayi. Kaina ya ɗaure kamar ranar da na tsaya a kango ina neman alƙibla. Na tuna shekarun da gonata ta Jiratawa ta kwana ba shuka, da shekara biyu da laima ta tsere mini na sake iri, da surutun Hadiza, da ranar da aka binne gwaggo na kasa duban gawarta. Haushi ya taso mini, sai kuma wani sanyi ya biyo bayansa, na rasa wanda zan kama.

"Wutar hwa?" na ce. "Ita ma kai ka kara?"

"Wuta taka ta, ba ni ƙwace maka. Amma da ni ne da lahiya kai ke kwance, da abin da zan yi maka ke nan. Shi munka sani."

"To mi ya hana ka hwaɗa mini tun tuni? Ka bar ni shekara da shekaru ina bin ka da ƙwarya?"

Ya dubi ƙafarsa, ya motsa yatsu biyun da suka rage a cikin rairayi.

"Shekarar hwarko kunya ta hana ni. Daga baya na ga kai ka koma Maraɗi, ni ina nan, kai masallaci, ni majami'a, iyayen da sunka haɗa mu suna ta tahiya. Sau ɗaya a shekara nike ganin ka wuni guda. Da na hwaɗa maka, da ka daina zuwa."

Na so in zage shi, na ji in na buɗe baki kuka ne zai fito, tsoho da ni a gonar mutane. Furar ta kwanta a gindin ƙwarya. Can ya dafa gawo ya miƙe, ya ɗauki sungumi.

"Ga shi ka ji. In ka ga dama hau kabu-kabu ka tahi taka gonar, rana ba ta hwaɗi ba."

Ya shiga kunya yana ɗingishi yana sara, bai waiwayo ba. Na zauna ina kallon sawunsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, na hagu cikakke, na dama yatsu biyu. Ramukan da ya sara suna buɗe, rana tana shan laimarsu. Na ɗauki ƙwaryar iri na bi bayansa.